Binciken Farfesa Ziyad a Kan Ragon Suna

Kun san dai ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne ko? To mu a garinmu Dinyar Gabas, nan bayan Tsanyawa, ƙuƙumin da ƙafafunsa yake yawo, har da hula da tabarau. Sunansa Ziyad, shi ne mai rumfar cajin waya a bakin masallaci. Amma in kun zo kar ku ce Ziyad, ku ce Farfesa, nan da nan za a nuna muku shi.

Bari in faro muku daga tushe don kar ku ce na yi tsalle. Shi Ziyad ɗin nan yana da wa, Mala, ɗan kasuwa ne mai kai albasa Kudu, mutum ne mai sanyi, ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Matarsa Kaltum 'yar Zakirai ce. Ita ba ta da matsala. Matsalar uwarta ce, Hajiya Falta, matar da in ta buɗe baki reza ma sai ta koma kube.

Lokacin haihuwar Kaltum ta fari, hannun Mala bai yi kauri ba, ɗan ragon da ya samu shi ya kai. Hajiya Falta ta fito ta zagaya ragon nan a gaban mata, ta tafa hannu ta ce, "Allah sarki! Uwarsa ta san an raba shi da nono kuwa?" Wallahi maganar nan sai da ta riga Mala dawowa gida. Ya haɗiye ta, amma a maƙogwaro ta tsaya.

Shi ya sa da Kaltum ta sake samun ciki, tun kafin ya tsufa Mala ya shiga kasuwar Tsanyawa ya sayo wani balami fari sol, wuya kamar turmi, ya kafa masa turke a gefen gida, ya jibge buhunan dusa da kowar wake. Sai tafiya ta kama shi, irin doguwar nan. Ya kira ƙaninsa.

"Ziyad, ba na neman komai a wajenka. Ka ba shi ci, ka ba shi sha, kar ka kwance shi. Ranar suna so nake Hajiya ta ga ragon nan ta nemi kujera ta zauna."

"Yaya, ka ɗauka an gama."

To da an gama ɗin, in ba don ruwan sama ba. A satin ne Ziyad ya shiga Kano sayo wayoyin caja, ruwa ya tsare shi kusa da wata jami'a, ya faɗa wani babban ɗaki don ya fake. Ashe taron masana ake. Wata yarinya a ƙofa ta rataya masa kati a wuya, ta miƙa masa lemo da cincin, shi kuma da ma ba ya mayar da hannun kyauta baya, ya samu kujerar gaba ya harɗe. Abin da ake magana a kai shi ne homon ɗin girma, wato wani sinadari da jiki yake fitarwa wanda yake sa mutum ko dabba ya girma. Turancin bai kama duka ba, amma abubuwa uku sun shiga kunnensa: jiki ya fi fitar da shi in ana barci mai nauyi, da in an motsa jiki an yi gumi, da kuma in ciki ya ɗan ji yunwa. Daidai lokacin da malamin ya zo kan "amma" da "sai dai" da "a kula", ruwa ya ɗauke, Ziyad ya shanye lemonsa ya fito neman mota.

Da yamma sai ga shi a teburin mai shayi da kati a wuya, yana reto.

"Ku fa duk kiwon jahilci kuke," in ji shi. "Ku ɗaure dabba ku yi ta ɗura mata dusa, kitse kawai kuke tarawa. Mu masana mun gano girma daga ciki yake ɓullowa. Ragon Yaya ɗin nan, in na gama da shi, sai an kafa tsani kafin a taɓa masa ƙaho."

Malam Naziru, dattijon da gonarsa take manne da bayan gidansu Mala, ya kurɓi shayi ya ce, "To Farfesa, su masanan naku sun taɓa kiwon rago kuwa?"

"Ɓeraye suka fi kiwatawa, Baba. Amma ai duk jini ne da tsoka."

Daga ranar sunan Farfesa ya kama shi, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

Akwai Basiru tela a wajen, yana gefe yana saurare. Basiru mutumin kirki ne, ɗinkinsa ba na banza ba, sai dai Allah ya yi shi ɗan dunƙule, keken ɗinkinsa ma sai da aka rage wa ƙafafu. Ga shi yana neman Sa'adiyya, doguwar yarinya, in ya je zance ƙawayenta sai su ce ta duba ƙasa kar ta taka baƙo. Da mutane suka watse sai ya matso.

"Farfesa, abin nan yana yi wa mutum?"

"Kai ne ma asalin binciken! Mutum da dabba aka ce."

"Ni fa na haura talatin."

"Ka taɓa jin giginya ta tambayi shekarunta? Zo nan."

Ya jingina shi da katangar rumfa, da hularsa da takalminsa mai tudun nan na zuwa zance, ya ja layi da gawayi a saman kansa. Ya ce ranar suna za a sake gwadawa a gaban jama'a, kuma Basiru ya fara tanadin yadin da zai ƙara wa wandunansa.

Aka fara da motsa jiki. To kun san damina ce, tun da aka yi shuka mai unguwa ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Mu gonakinmu kunya tana taɓa kunya, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. Hanyar da ke tsakani ko amalanke da ƙyar take bi. A wannan hanyar Ziyad ya fito da rago da sassafe, ya ɗaura igiyarsa a ƙugun Basiru, shi kuma ya hau keke a gaba ya ɗaura dammin harawa a baya.

Ranar farko ragon ya ƙi motsi, Basiru ne yake jansa. Bayan 'yan kwanaki suka daidaita. Kafin wani lokaci kuwa ragon ne yake jan Basiru, sai dai ka hango ƙura da 'yar hula tana tashi, ana ihun "Farfesa birki! Birki!"

Malam Naziru ya tare su wata safiya da fartanya a kafaɗa.

"Farfesa, ba ka ji shelar mai unguwa ba? Cewa aka yi a ɗaure dabbobi."

"A ɗaure yake, Baba. Ga shi nan a ɗaure da Basiru."

"To shi Basirun a jikin me yake ɗaure?"

Kafin a samu amsa ragon ya miƙa wuya ya yashe masa kunyar gyaɗa guda. Ziyad ya ce wannan ba ɓarna ba ce, gudummawar Baba ce ga ilimi. Malam Naziru ya ce in aka sake zai ba da gudummawar ƙotar fartanya. Don haka Ziyad ya ce tunda hanya ta yi ƙunci, a koya wa ragon tsallake shinge, wai ma tsalle ya fi gudu fitar da homon. Ku riƙe wannan, shingen aguwa fa nake faɗa muku, mai kai wa mutum ƙirji. Basiru ta ƙasa yake bi.

Sai maganar yunwa. Ziyad ya hana ragon abinci tun safe har rana ta karkata, Basiru ma haka. Shi Basiru yana da dabara, yakan ce zai zagaya, ya je ya danna ƙosai a bayan masallaci. Ragon da ba shi da kuɗin ƙosai sai ya koma cin abin da ya samu. Ya cinye tef ɗin awon Basiru, ya cinye rabin zanen Kaltum a kan igiya, ya fara a kan tabarmar sallah.

Kaltum ta fito da tsohon cikinta, hannu a ƙugu. Da ma akwai wasa tsakaninta da ƙanin miji, amma ranar ba wasa a idonta.

"Kai ɗan ƙaramin miji, ragon nan azumin me yake? Ramuwa ake binsa?"

"Anti, ba za ki gane ba. Yunwa ce take taso da sinadarin."

"To ga buhunan dusa can ko ɗinkinsu ba a farke ba. Ni na ga haƙarƙarinsa ya fara leƙowa."

"Ai shi gini sai an ga rodi kafin a ga bene."

"Allah ya dawo da yayanka lafiya, ka yi masa bayanin rodi."

Amma inda unguwa ta ji jiki shi ne wajen barci. Farfesa ya ce ba kowane barci ba, mai nauyi ake so, kuma ragon nan gyangyaɗi kawai yake yana tuƙa. Sai ya kafa gidan sauro a gindin darbejiya, ya shimfiɗa tsohuwar katifa, ya cusa wa ragon auduga a kunne, ya ɗaura masa baƙin ƙyalle a ido, ya ce Basiru ya kwanta a gefensa don a samu sakamako iri ɗaya. Sannan ya bi gida gida yana sallama, wai daga azahar zuwa la'asar an hana daka, an hana surfe, mai jariri ya lallashe shi.

Inna Hure, matar Malam Naziru, tana tsakiyar daka ya leƙo ta katanga.

"Inna, don Allah a ɗan sassauta taɓaryar nan, akwai masu barci."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Lafiya lau. Rago ne da Basiru."

Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, ni da na haifi tara ban taɓa fasa daka don barcin ɗa ba, sai don ɗan tunkiya? In ya tashi ka ce ya zo ya taya ni."

Ta ci gaba da lugude har da waƙa. Da Ziyad ya ga haka sai ya ce to a rufe ƙarar da wata ƙarar. Ya samo a waya cewa sautin ruwan sama yana sa barci, ya jona da babbar sifikar rumfarsa, ya ƙure. Jama'a, rana tsaka, sama fes, sai ga shaaa da tsawa! Matan unguwa kaf suka fito a guje, wannan na kwashe shanyar kuɓewa, wannan na jan tabarmar barkono, wata ta tara bokitai a ƙarƙashin indararo, Inna Hure ta kifa turmi da garin a ciki. Da aka gano daga ina ruwan yake sauka, sai da Ziyad ya haye darbejiya. Basiru kuwa a cikin gidan sauro aka same shi yana minshari, ragon na tsaye a kansa yana cin aljihun rigarsa.

Daga nan Ziyad ya ga idanu sun yi yawa, sai ya zagaye wajen ragon da zana har sama, ya ce a ƙa'idar bincike ba a kallo sai an gama, ido yana ɓata sakamako. Wannan ce kaɗai maganarsa da gari ya yarda da ita, don kowa ya ɗauka kambun baka yake tsoro. Har Kaltum ta ce to wannan kam ya yi hankali. Mala in ya bugo waya ya ce a turo masa hoto, sai Ziyad ya kwanta a ƙasa ya ɗauko hoton ragon daga ƙasan haɓa, ya fito kamar raƙumi. Mala ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanina."

Ana haka gero ya yi kai, wake ya fara nuna, Kaltum ta sauka lafiya, namiji. Motar Mala ta lalace a hanya, bai iso ba sai da safiyar suna, tare ma suka shigo gari da bas ɗin 'yan Zakirai. Ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi, ana rabon goro da dabino, Liman ya zauna da wuƙarsa a gefe. Kun san dai sai an kwantar da rago an sa masa wuƙa ake raɗa wa yaro suna, kafin nan jariri sunansa jariri. Hajiya Falta ta tsaya a bakin soro da mayafi, mata na leƙe a bayanta. Mala na ta murmushi shi kaɗai.

Sai ga Ziyad ya fito cikin farar rigar da ya aro a kemis, kati a wuya, ya ɗaga hannu.

"Jama'a a ɗan dakata. Kafin yanka akwai gabatar da sakamako. Za mu fara da ɓangaren ɗan'adam. Basiru, fito!"

Rumfar tana kallon gidan, kowa na gani. Basiru ya je ya jingina da katanga, ya miƙe wuya, yana satar kallon inda Sa'adiyya take cikin 'yan mata. Ziyad ya ɗora gawayi ya ja. Sabon layin ya faɗo ƙasan tsohon.

Kowa ya leƙo ya duba. Sai Malam Naziru ya ce, "Farfesa, ko katangar ce ta sha homon?"

Ashe gudun nan ya cinye tudun takalmin Basiru tas, ya koma kamar faifai. Basiru ya dubi layi, ya dubi Ziyad.

"Ka rage ni, Farfesa? Ɗan abin da nake lallaɓawa ka rage?"

"Kwantar da hankalinka, ai shi mai tsalle sai ya durƙusa tukunna. Mu je ɓangaren dabba!"

Ya je ya fizge zana.

Wayyo. Kun taɓa ganin karen farauta da ƙaho? To shi ne. Wuyan nan mai kamar turmi ya koma taɓarya, ciki ya manne da baya, ƙafafu dogaye duk jijiya, idanu jajur yana harbin ƙasa. Murmushin Mala ya bushe a fuskarsa. Ya juya wajen ƙaninsa.

"Ziyad... ina ragona?"

"Shi ne wannan, Yaya. An cire masa abin da ba shi da amfani."

"Naman ne ba shi da amfani?"

Liman ya taso yana gyara rawani, ya ce shi fa akwai abin dubawa, don dabbar da ta rame har ɓargonta ya ƙare ba a yanka ta a ibada. Ya sa hannu zai latsa gadon bayan. Ragon da ya saba duk wanda ya taɓa shi da safe to lokacin gudu ya yi, sai ya ja baya, ya tsinke igiya kamar zare, ya bi ta tsakanin ƙafafun wani baƙo, ya tsallake tiren goro, ya tunkari katangar Malam Naziru. Kowa ya ce to nan zai tsaya. Wallahi ko taɓa ta bai yi ba.

Liman ya bi shi da kallo ya ce, "To, ragon da ya tsallake wannan katangar akwai ɓargo a jikinsa. Ya halatta. In kun kama shi."

Hajiya Falta ta tafa hannu daga bakin soro. "Ikon Allah! Na farko ba a yaye shi ba, wannan kuma ba a sa masa birki ba. Kujera, ku ba ni kujera in sha kallo."

Kujerar dai ta nema, amma ba irin neman da Mala ya so ba.

Sai gari ya ɗauka. Matasa, dattawa, 'yan Zakirai da manyan rigunansu masu sitaci, kowa ya tattare ya faɗa gona. Ragon ya shiga geron wani, sai dai ka ga kan gero yana kaɗawa kamar iska ta ratsa, ya ɓulla a waken wani, ya keta ta riɗin wani. Duk gonar da aka shiga mai ita ya fito da sanda, da farko yana bin masu binsa, daga baya ya shiga sahu. Wani kawun Kaltum mai tumbi ya yi tsalle zai haye shingen aguwa, ya sauka a tsakiyarsa, yana kiran a zo a cire shi a ƙyale ragon. Mala na gudu yana ba masu gona haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ziyad kuma na baya a keke, farar riga na tashi, yana ihu.

"Jama'a ku lura da ƙafar baya! Kun ga ƙarfi? Wannan fa sakamako ne! Wani ya ɗauki bidiyo!"

"Ka zo in ɗauke ka da mari!" in ji Mala. Ranar na fara jin muryarsa ta kai haka.

Rana ta ɗaga. A gida mata sun gama tuwo ya huce, maroƙa sun gaji sun zauna, wanzami ya yi barci a kan jakarsa, jariri har yanzu ba suna. Kaltum na ɗaki tana cewa a kawo mata Ziyad da ransa, ita ta san yadda za ta yi da shi. A gona kuwa mutane sun fara zubewa ɗaya bayan ɗaya a gindin bishiyoyi suna haki. Mutum ɗaya ne kawai bai sare ba. Basiru! Ai tare suka yi horon. Ragon ya yi sama da shinge, Basiru ya bi ta ƙasa. Ragon ya karya kwana, Basiru ya riga shi sanin kwanar. Ga kuma haushi na cinsa, yana gudu yana cewa, "Ni da kai duk an cuce mu, amma wallahi ba za ka bar ni ni kaɗai ba!"

Suka zagaya gari suka dawo ta gonar gyaɗar Malam Naziru, nan Basiru ya yi sufa ya cafke ƙafar baya, suka yi ta birgima har suka share kunya da yawa, ya haye kansa ya zauna. 'Yan mata daga kan hanya suka ɗau guɗa, kuma an ce muryar Sa'adiyya ta fi ta kowa, ni dai ban rantse ba.

Aka ce a ja shi gida. Basiru ya ce shi fa in ya ɗaga, babu ruwansa. Kowa ya dubi ragon, ragon ya dubi shinge. Sai aka tura babur ya ɗauko Liman. A tsakiyar gyaɗar mutane, ana gab da la'asar, ƙarti sun danne rago kamar an kama ɓarawo, aka yanka aka raɗa wa yaro Abdulrashid. Uwar ɗa a waya ta ji sunan ɗanta.

Ba a gama fiɗa ba sai ga masu gonaki sun yi layi, Malam Naziru a gaba. Mai unguwa ya ce tun da an karya shela, kuma ranar farin ciki ce ba ya son doguwar magana, kowa a yankar masa tsoka a rufe zance. Ga wanzami da ungozoma su ma da nasu kason na al'ada. Ragon da ma yaya yake? Abin da ya rage aka soya, ya shige ɗan kwanon sha har murfi ya rufu ba gardama.

Mala ya ɗauki kwanon ya danƙa wa ƙaninsa.

"Kai ka yi bincike, kai za ka kai sakamako. Wuce ka kai wa Hajiya. Ni na shekara nawa ina jiran ranar nan, yanzu ko ta ƙofar Zakirai ba zan iya bi ba."

Ziyad ya yi sallama tsakar gida, mata cike, ya durƙusa ya ajiye. Hajiya Falta ta buɗe, ta leƙa, ta karkata kwanon ta sake leƙawa. Ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a baki. Ta tauna. Ta koma ɗaya gefen ta tauna. Ta ciro ta duba.

"Ɗan nan, wannan nama ne ko guga aka yanka?"

"Hajiya, tsoka ce zalla, ba kitse. Bari in yi miki bayani. Shi homon ɗin nan, akwai wata 'yar ƙwaya kamar wake da take maƙale a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, to ita ce take..."

"A ƙarƙashin me?"

"Ƙwaƙwalwa, Hajiya."

"Alhamdulillahi, na gano ciwon." Ta juya wajen ɗakin mai jego ta ɗaga murya. "Kaltum! Ki daina ganin laifinsa. Bawan Allah ba shi da inda za ta maƙale."

Gidan ya kece, wata har da faɗowa daga kan turmi. Ziyad ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara katinsa, ya fito. Muna zaune a rumfa muna jira mu ga ko yau dai jikinsa zai yi sanyi. Ya zo ya zauna, ya cire tabarau ya goge, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji da kunnenku ko? Hajiya tambaya ta yi. To a wajenmu masana, duk binciken da aka yi tambaya a ƙarshensa, ya karɓu."